Wayar Da Ta Kwana A Randa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da na tsaya a bakin kasuwar Wurno da rana tsaka, na buɗe bakin nan nawa na yi wa mahaifiyata Allah ya isa. Kafin ka tofar da yawu ka juya mini baya, yi haƙuri in yi bayani: ban san ita nake yi wa ba. Sai dai rashin sanin bai rage komai daga abin da ya biyo baya ba. Kuma duk a kan waya ne, tsohuwar waya da nake so in canza da sabuwa.

Ni dillalin albasa da tafarnuwa ne. Ina bin manoman fadama daga Wurno zuwa Goronyo ina saye, in haɗa wa 'yan kasuwar Kudu. A sana'armu waya rabin jari ce, domin mai saye yana can nesa, sai ka tura masa hoton kaya kafin ya yarda ya turo mota. Kuma gara in faɗi wannan tun da wuri: rage wa mutane farashi shi ne abin da na fi ƙwarewa a kai. Manomi zai sauke buhu cike da albasa lafiyayya, ni kuwa in zura hannu can ƙasa in lalubo guda ɗaya mai laushi, in ɗaga ta sama ina girgiza kai kamar an yi mini rasuwa. Na yi shekaru ina wannan, ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a zuciyar mai buhun ba.

Ina da aboki, Nasiru, tun muna firamare. Yana da shagon waya a bakin kasuwa, daidai inda 'yan kabu-kabu suke jera baburansu suna jiran fasinja. Yana sayar da sabuwa, yana kuma karɓar tsohuwa a yi ciko, wato ka ba shi taka ya yi mata kuɗi, ka cika ragowar ka ɗauki wadda ta fi ta. Tsofaffin da ya karɓa yakan tara su ya kai wa ubangidansa, wani Alhaji a Sakkwato, wanda shi ne mai jarin shagon.

Wata rana na ga wata waya a cikin gilashin Nasiru, zuciyata ta kwanta a kanta. Kyamararta ko ruɓaɓɓiyar albasa ta ɗauka sai ka ji kana son ci. Na miƙa masa tawa, ya juya ta, ya latsa nan ya latsa can, ya ce, “Wagga lahiyatta lau, ba a taɓa buɗe ta ba.” Ya yi mata kuɗi mai kyau, har na ji kunyar in nemi ƙari (na dai nema, sana'a ce). Muka tsaya a kan cewa in an cire albasa na samu sarari, zan kawo ta da cikon in ɗauki sabuwar.

Kafin lokacin ya yi, tafiya ta kama ni zuwa ƙauyukan Gandi sayen kaya. Duk wanda ke bin hanyoyin nan a shekarun nan ya san ba a yawo da babbar waya, sai 'yar ƙarama mai tocila wadda ko an karɓe ba za ka yi kuka ba. Matata ta haihu tana gidansu a Rabah wajen wankan jego, saboda haka sai na kashe babbar na ba ƙanwata Luba, na ce ta kai wa Inna ta ajiye mini.

A nan sai na yi bayanin yadda muke da Inna, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, tana kunyar ɗan fari irin ta asali. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, sai ta dubi Luba ta ce, “Tambayi yayanku ko ya ci abinci.” In Luba ba ta kusa, sai ta gaya wa bango, ko wata kaza da ke wucewa, ni kuma in amsa wa kazar. Abokaina da suka tashi a birni suna yi mini dariya a kan wannan. Ni dai ban taɓa shakkar son da take yi mini ba, domin tuwona kullum shi ne mai nama a ƙasa.

Abin da zan faɗa yanzu daga baya na ji shi, rabi a bakin Luba rabi a bakin Nasiru. Amma gara kai ka san shi tun yanzu, don ka ga irin ramin da na dosa ina taƙama.

Inna tana da wata tsohuwar randa a kusurwar ɗakinta, an daɗe da daina zuba mata ruwa. A ganinta babu wurin ajiya kamarta, don ɓarawo ba ya leƙa randa. Sai ta naɗe wayata a ɗankwali, ta saka ta can ƙasa, ta rufe da faifai. Ana nan sai aka kawo ruwan famfo bayan an daɗe ba a ga ɗigonsa ba, kuma wanda ya san unguwarmu ya san yadda gida ke rikicewa a irin wannan rana. Bokiti, jarka, baho, tukunya, har butar alwala sai an cika. Cikin wannan guje-gujen Inna da kanta ta ɗaga faifan ta juye ruwa a randar har baki. Sai washegari tana shan kunu ta tuna.

Luba ta ce ba ta taɓa ganin Inna ta firgita kamar ranar ba. Suka tsamo ta, suka goge, suka shanya, suka binne ta a cikin shinkafa kamar yadda wata maƙwabciya ta ba su shawara (shinkafar Wurno ce mai kyau, amma ba ta ta da matacce). Waya dai ko motsi.

“Inna, a gaya mai mana,” in ji Luba. “Ai tsautsayi na.”

“Da wane baki?” in ji Inna. “Bai taɓa ba ni ajiyar komi ba sai wagga.”

Sai ta aika aka kira Nasiru. Da abokin ɗa babu kunya, shi tana kiran sunansa, har takan zauna ta yi hira da shi irin wadda ba ta yi da ni. Nasiru ya ɗauki wayar ya kai Sakkwato wajen masu gyara, aka canza gilashi da batir da wani abu a ciki da ruwa ya ci. Kuɗin kayan ba kaɗan ba ne, sai Inna ta sa aka ja akuyarta kasuwa. Nasiru bai karɓi ko kuɗin motarsa ba. Abin da ta roƙe shi guda ɗaya ne, kada ya gaya mini, kuma sai da ya yi mata alkawari ta bar shi ya tashi.

Na dawo daga Gandi, Luba ta miƙo mini wayata tana ƙyalli fiye da yadda na bar ta. Har na ce, “Ka ga ajiyar manya.” Da na lura babu akuya a turke na tambaya, aka ce an sayar. Na tambayi nawa, aka faɗa mini. Nan fa na gyara tsayuwa a tsakar gida na yi musu lacca mai tsawo a kan sayar da dabba ba tare da shawarar wanda ya san kasuwa ba, maimakon a jira in dawo. Inna tana zaune tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da tafiya ta yi tafiya na fara lura wayar tana ɗaukar zafi, wani lokaci kuma gilashin ya riƙa latsa kansa. Sau ɗaya ta tura wa wani mai saye a Kudu hoton jaririna a maimakon tafarnuwa. Ban kawo komai a raina ba, sai dai na ce gara in yi sauri in rabu da ita tun ba ta tona kanta ba. Kuma a'a, ban yi niyyar gaya wa Nasiru wannan ba. Ka riƙe wannan a ranka lokacin da za ka ji ni ina wa'azi a kan amana.

Ranar kasuwa na ɗauko kwalinta da caja da rasit, na sa sabuwar shadda, na hau babur na nufi shagon. Wurin cike yake da masu cajin waya da masu sayen kati, ga 'yan kabu-kabu a inuwar rumfa, ga wani tsoho mai goro da faifansa a gefe. Nasiru yana ganin kwalin a hannuna fuskarsa ta canza, amma ni na ɗauka gajiya ce.

“Ga ta nan,” na ce. “Komi na ciki. Miƙo min waccan da munka yi magana.”

Ya karɓa, bai ko juya ta ba. “Aboki, mi zai hana ka riƙe abarka? Ai tana yi ma aiki.”

“Tana yi. Sabuwa nika so.”

“To bari in na tashi in ishe ka gida, mu zamna mu yi magana.”

Da mai hankali ne ya tsaya a wurin, da ya ji cewa akwai wani abu a ƙarƙashin wannan maganar. Ni abin da na ji shi ne dillali yana jan lokaci, domin haka nake yi wa manoma in ina so su gaji. Na ce masa ba na barin aikin yau ya kwana, ya faɗi abin da ke bakinsa. Sai ya sunkuyo, ya rage murya, ya faɗi sabon kuɗin da zai iya yi mata. Ragin ba na wasa ba ne, ya yanke wajen sulusin abin da muka yi da farko. (Daga baya na ji cewa ko a hakan sai da ya ɗora mata daga aljihunsa.)

Na yi wata 'yar dariya wadda na tanada musamman don ciniki, na ɗaga murya yadda na bakin rumfa za su ji. “Don mi?”

“Kassuwa ta canza,” in ji shi, yana kallon tebur. Nasiru bai iya ƙarya ba tun muna yara.

“Kassuwa? Komi na duniya ya hau, shinkahwa ta hau, mai ya hau, wayata ɗai tas sauka?”

Wasu suka yi dariya, dariyar nan kuwa ta shiga kaina kamar an yi mini kirari. Nasiru ya ga ba shi da wurin tsayawa, sai ya ce a hankali, “An taɓa buɗe ta, kuma ruwa ya shige ta. In nik kai ta Sakkwato, Alhaji na ɗaga bayanta zai gani. Ba ni iya ce mai ba a taɓa ta ba.”

“Wa yab buɗe ta?”

Ya kau da kai.

“Tambayarka nikai. Wa yab buɗe ta?”

Ya sake yin shiru, yana murza gefen kwalin da yatsa. Yanzu na san cewa a wannan shirun alkawarin da ya yi wa uwata yake riƙewa da haƙoransa. A lokacin kuwa na ɗauki shirun a matsayin na kama ɓarawo da kaya a hannu.

Sai na juya wa Nasiru baya na fuskanci jama'a, kamar mai neman ƙuri'a. Na gaya musu tun yaushe muke tare da shi. Na gaya musu har gidanmu yake cin tuwo. Na ce in dai aboki zai ƙirƙiro wa kayanka aibi don ya ci riba a kanka, to amana ta ƙare a garin nan. Wani ɗan kabu-kabu mai jar hula ya ce, “Haka suke, masu wayag ga,” na ji kamar in rungume shi. Tsoho mai goro ya ce mu yi haƙuri, abin duniya ne, ban ko dube shi ba. Nasiru ya zagayo ya kama hannun rigata.

“Don Allah shigo ciki. Ko mu tahi gida yanzu.”

“Nan anka hwara ta, nan za a ƙare ta,” na ce, na fizge hannuna. “Wayag ga ba ta taɓa kwana wani wuri ba in ba hannuna ba sai ɗakin mahaihiyata. Bari in kira shaida kowa shi ji.”

“Kada ka kira,” in ji Nasiru. Na ɗauke kwalin daga kan tebur, har ya kai hannu zai karɓe, na goce. Wannan ma na lissafa shi a cikin hujjojina.

Na ciro wayar daga kwali, na kira Luba, na sa a sifika na ƙure murya, na ɗaga ta sama yadda nake ɗaga albasa mai laushi. Luba ta ɗauka. Ana jin kukan kaji da ƙarar ludayi a bayanta, alamar tana tsakar gida wajen girki.

“Luba, ina shagon Nasiru, mutane na jin ki. Wayata da nib bari wurin Inna, akwai wanda yat taɓa ta?”

Ƙarar ludayin ta tsaya. Can ta ce, “Yaya, ka dawo gida mana.”

Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe da Allah ya aiko mini, shi ma na tsallake shi. Abin da ya zo mini shi ne, wataƙila wani daga samarin maƙwabta ya ɗauke ta ya yi wasa da ita, Luba tana rufa masa asiri. Ko Nasiru ne maƙaryaci, ko wani ne ya cuce ni, ni dai ba zan sauka daga dandalin nan ba tare da na yi nasara a kan wani ba. Sai na haɗa su duka a magana ɗaya.

“To ku shaida. In ƙarya Nasiru ka yi, shi da Allah. In ko gaskiya ta, to duk wanda yal lalata min waya yab ɓoye min, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yahe ba.”

“Janye,” in ji Nasiru. “Don girman Allah janye maganag ga.”

“Ba ni janyewa. Ban yahe ba, duniya da lahira.”

Na faɗe ta a fili, kalma bayan kalma, ina jin daɗin yadda take fita. Sai wayar da ke sama a hannuna ta yi wata 'yar ƙara, kamar an matso kusa da ita. Muryar da ta fito ba ta Luba ba ce.

“Luba,” in ji Inna. “Ki ce mai ni ta. Ni nis sa ta cikin randa, nim manta niz zuba ruwa. Nasiru ba shi da laihi, ni nih hana shi hwaɗi. Ki ce mai shi yi haƙuri.”

Babu wanda bai ji ba, har mai sayar da rake a tsallaken hanya. Amma Luba, saboda sabo, cikin kuka ta fara isar da saƙon: “Yaya, Inna ta ce ita ta…” Ban san lokacin da na kashe wayar ba.

Ban taɓa jin bakin kasuwa ya yi tsit irin na ranar ba. Hannuna yana sama har lokacin, na rasa yadda ake sauke shi. Wani ya tambayi na kusa da shi a hankali, “Mahaihiyatai ta?” aka ce masa i. Tsoho mai goro ya yi salati ya ja tsumma ya rufe faifansa. Mai jar hula, babban magoyin bayana, ya buga babur ɗinsa ya tafi ba fasinja. Nasiru ya zare wayar daga hannuna, ya mayar da ita kwali, ya haɗa da caja da rasit, ya miƙo mini ba tare da ya dubi fuskata ba. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Na kama hanya da ƙafa har gida, sai da na kai ƙofa na tuna da babur na zo.

Na durƙusa a bakin ɗakin Inna da sabuwar shaddata, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na ce ta yafe mini. Tana zaune a bakin gado ta juya fuskarta wajen bango, Luba tana tsaye a tsakaninmu.

“Ki ce mai ni ban riƙe shi da komi ba,” in ji Inna. “Shi ad da haƙƙi a kaina. Amana yab ba ni, nil lalata, nib ɓoye.”

Na ce, “Inna, ai ban san ke ta ba. Maganar ba ta hau kanki ba.”

“Ki ce mai shi bai sani ba, amma wanda yak kai ma ƙara ya sani.”

Ni da nake juya manomi da baki har ya gode mini a kan asararsa, na zauna a ƙasa ina kallon randar nan a kusurwa.

Na ɗauka in kwana ya yi kwana abin zai wuce. Bai wuce ba. Inna ta rage cin abinci, Luba ta ce in ta hau sallaya sai ta daɗe ba ta sauka ba. Ni kuma kullum sai na je gaisuwa na ce ya wuce, babu komai, ni ne mai laifi, wayar banza ce, ko goma ta jiƙa ba ta biya nononta ba. Na faɗi duk wata kalma da ke cikin Hausa ban da guda ɗaya, kuma ita ce wadda Inna take jira. Ni kuwa bakina ya ƙi ɗaukarta. Ta yaya ɗa zai dubi uwar da ta haife shi ya ce ya yafe mata, bayan shi ne ya tsaya a kasuwa ya ci mutuncinta?

Luba ce ta same ni a zaure wata safiya ta ce, “Yaya, Inna na ramewa. Ta ce gaban mutane kac ce ba ka yahe ba, kuma mutanen ga ba su ji ka janye ba. Ta ce kuma Nasiru gaban mutane anka ce mai maci amana.”

Na tambaye ta ko ba za a iya yi a gida ba, a kira liman da maƙwabta biyu. Ta ce ta riga ta gwada wannan, Inna ta ce ba a gaban liman aka yi ba.

Haka na koma shagon Nasiru da kasuwa ta zagayo. Labari ya riga ya gama gari, saboda haka jama'ar da na tarar ta fi ta farko, har da waɗanda ba su da waya balle caji. Mai jar hula ma yana nan, ya sami wuri a gaba. Wannan karon ba sabuwar shadda, kuma muryar da ta cika kasuwa rannan sai da aka ce in ɗaga ta. Na fara da Nasiru. Na ce duk abin da na faɗa a kansa ƙarya ne, gaskiya ya gaya mini, kuma ya riƙe amanar da ni ban cancanci a riƙe mini ba. Ya ce, “Ya wuce, aboki,” ya kama hannuna, amma idonsa ya yi ja. Maganar canjin waya kuwa daga ranar ba wanda ya sake ta da ita a cikinmu.

Sannan na kira Luba, na sa a sifika. Ta ce Inna tana kusa, tana ji.

“Inna,” na ce. “Inna, na janye abin da nic ce. Na yahe miki, duniya da lahira.”

Ban taɓa ɗaga buhun da ya kai kalmomin nan nauyi ba. Na tsaya ina jira, ina fata ta yi mini faɗa ko da ta bakin Luba ne, ta ce ba ni da kunya, ta ce na ji da girman kaina. Da na samu wannan da na koma gida da ɗan sauƙi. Sai na ji ta sauke wani dogon numfashi, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka taya shi saukewa.

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna. “Luba, ki ce mai na gode. Allah shi yi mai albarka.”

Mutane suka ce amin. Ni ban iya cewa ba. A ranar Luba ta ce Inna ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, kuma da an gaya mini shi kyauta da na fi so. In ba ka san sunan wanda ya yi maka laifi ba, kada ka yi gaggawar kai ƙararsa sama, domin a can ba a buƙatar ka faɗi suna. Yanzu in raina ya ɓaci a kasuwa na ji kalmar nan ta taso, sai in haɗiye ta, in fara bincike a kan mai laifin, da unguwarsu, da ko muna da dangantaka. An zage ni a sana'ar nan, an taɓa ma shaƙe mini wuyan riga a Goronyo, duk sun wuce na manta. Godiyar da Inna ta yi mini ce har yau ban san inda zan sa ta ba.